Bishiyar hankici da ta kusa mutuwa a bayan gidana

Hoto ne ya fara ja na. Bishiya ce kore shar, amma a bakin kowane reshe akwai wani abu fari-fari mai ɗan ruwan hoda yana reto kamar an wanke hankici an shanya, na ɗauka fure ne ashe ganye ne, sabon toho. Sunanta a wajen masana Maniltoa, asalinta dazukan Niyu Gini da arewacin Ostireliya, mutanen Indonesiya kuma saputangan suke ce mata wato hankici, to mu ma a gida bishiyar hankici muke kiranta. A 2019 masana tsirrai sun mayar da ita cikin jinsin Cynometra, amma masu sayar da dashe har gobe Maniltoa suka sani. Labarin guda ɗaya zan bayar, wadda na dasa kusan shekara uku ke nan, tun daga ranar da ta shigo gidan har zuwa yau, saboda kusan duk abin da ke kashe irin waɗannan bishiyoyi ya same ta a shekararta ta farko, kuma duk wanda ke son sa ire-irenta a gida zai iya cin karo da abu ɗaya ko biyu a ciki.

Filin ba wani babba ba ne, kamar mita 8 a tsaye 5 a kwance, katangar bulo ta kewaye shi, gidan kuma sabon gini ne. Daga sama ƙasar yashi-yashi ce mai kyan gani don ciko aka yi. Dashe uku na kawo rana ɗaya, hankicin nan, da wata mai jan toho da ake kira Syzygium myrtifolium, 'yar uwar malmo da kanumfari ce, sai kuma Mesua ferrea wadda Sri Lanka ta ɗauka a matsayin bishiyar ƙasa tun 1986. Tunda hankicin ita ce abar so sai na ba ta wurin da ya fi fitowa fili, dab da katangar da ranar yamma ke duka, don duk wanda ya leƙo ya fara ganinta. Na haƙa rami mai zurfi amma matsattse, na zuba taki sosai a ƙasansa, na yage ledar na sa ta yadda take, na ma ƙara nitsar da ita kaɗan a tunanina kar iska ta kayar da ita.

Wata biyu shiru. Sai wasu ƙulle-ƙulle suka fara kumbura a bakin rassa, masu ɓawo ruwan ƙasa jere a kan juna kamar ɓawon kifi, kullum suna ƙara tsawo, ran nan da safe na fito na tarar biyu sun fashe ganye ya zubo a dunƙule yana lilo, fari mai taushi kamar siliki, wallahi na daɗe a tsaye ina kallo. A rana ta uku bakin ganyen ya fara ƙonewa, a ta biyar rabinsa ya bushe ƙayau kamar takardar da aka kai kusa da wuta.

A nan aka fara samun matsala ta gaske. Na ga ganye a langaɓe ga kuma ƙuna, kuma duk wanda ya taɓa shuka ko da tumatir ne ya san ganye in ya langaɓe ƙishi ne, sai na koma ba ta ruwa safe da yamma, bokiti biyu biyu, wani lokacin ma in sake tiyo a gindinta in shiga ɗaki.

Alhali langaɓewar nan halittarta ce. Ita da danginta irin su Brownea ta Kudancin Amurka, da Saraca ta Indiya, da Amherstia ta ƙasar Bama, haka suke fitar da toho, gaba ɗaya lokaci guda, a sake, ba ƙarfi ba kore. Dangin tsamiya ne da doka dukkansu, kuma wanda ya taɓa ganin doka ta yi jan toho ya ga irin abin da nake nufi. Ganyen yana fara yin girma da sauri tukuna, sai ya kusa cika girmansa sannan bishiyar ta zuba masa sinadarin kulorofil da ke sa shi kore ya iya haɗa abinci da hasken rana, a lokacin ne kuma yake yin tauri ya miƙe. Ja ko ruwan hodan da ake gani wani sinadari ne daban, antosayanin, wanda ke fitowa fili saboda koren bai zo ya rufe shi ba. Wasu masana biyu, Phyllis Coley da Thomas Kursar, da suka yi shekaru suna aiki a dajin tsibirin Barro Colorado a Panama, sun yi bayani a 1992 cewa wannan jinkirin yin kore dabara ce ta rage asara, domin ƙwari sun fi cin ganye a kwanakin da yake ɗanye, to in aka cinye shi kafin a zuba masa kayan tsada asarar ba ta da yawa. Sun kuma lura abin ya fi yawa a bishiyoyin da ke tasowa a inuwar manyan bishiyoyi. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi damuna da na gane ta, don ni na ɗauki 'yar inuwar daji mai danshi na kafa ta a jikin katangar da ke tara zafi tun azahar tana fesowa har bayan faɗuwar rana.

Abin ya ci gaba da lalacewa a hankali. Tsofaffin ganye suka fara yin rawaya suna zuba ɗaya bayan ɗaya, ƙasar gindin kullum a jiƙe har gansakuka ta fito. Toho na biyu da ya zo ƙanana ne, kuma maimakon ya rikiɗe ya koma kore sai ya tsaya a rawaya, jijiyoyin ganyen ne kawai kore kamar an zana su da biro. Na ce to yunwa ce, na watsa mata takin zamani NPK cikin tafin hannu biyu dab da gindi, cikin mako guda bakin sauran ganyen da suka rage ma ya ƙone. A wata na bakwai ganyen da ke jikinta ana iya ƙirga su.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana aikin renon itatuwa, shi na roƙa ya zo ya duba min. Bai ma kalli ganyen sosai ba, ya durƙusa ya tura yatsa a ƙasa ya ɗebo ya sansana.

"Sau nawa kake ba ta ruwa, ɗana?"

Na ce sau biyu a rana Baba, don kullum a langaɓe take.

"Wanda ya nitse a ruwa ma langaɓewa yake yi. Kawo min shebur, amma kar ka taɓa, ni zan tona."

Da hannu ya yi yawancin tonon. Abu na farko da ya nuna min, gindin bishiyar a binne yake kusan taƙi guda, wurin da ya kamata a ce saiwa ta fara buɗewa a saman ƙasa yana can ciki, ɓawon wurin ya yi laushi ya yi duhu. Na biyu, saiwoyin suna nan yadda suka fito daga leda, sun naɗe suna zagaya juna, ko ɗaya ba ta fita ta shiga ƙasar filin ba. Na uku, na ƙasa-ƙasan sun yi baƙi sun ruɓe, in ka ja sai fatar ta saɓule ta bar zare, ga wari irin na kwata. Da ya ƙara zurfi sai ga dalilin, ƙarƙashin yashin cikon nan laka ce mai danƙo, ramin da na haƙa ya zama kamar randa, ruwa na shiga ba ya fita, takin da na zuba a ƙasa kuma ya zauna cikin ruwan yana ruɓa ba iska. Saiwa numfashi take yi kamar kowane mai rai, in ruwa ya cika duk 'yan kofofin ƙasa sai ta shaƙe ta mutu, in ta mutu kuma bishiyar ba ta iya shan ruwan da take tsaye a cikinsa, sai ta yi yaushi, mai ita ya ƙara ruwa. Haka na yi ta zagayawa wata da watanni.

Sai abu na huɗu wanda ni ban taɓa kawo shi a rai ba. Shebur ya fara karo da buraguzan siminti da guntayen bulo da magina suka binne. Baba ya sa aka kawo ruwan khal ya ɗiga a kan ƙasar wurin, nan take ta fara kumfa tana tsss. Daga baya na samo ɗan abin gwajin ƙasa na auna, ma'aunin pH, wato awon tsamin ƙasa wanda lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, ya nuna kusan 8, alhali yawancin bishiyoyin dajin ruwan sama sun fi son ƙasa mai ɗan tsami, tsakanin 5.5 da 6.5. A ƙasa irin wannan sinadarin ƙarfe yana nan amma a ɗaure, saiwa ba ta iya ɗauka, kuma shi ƙarfe bishiya ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa alamar ke fitowa a toho, rawaya da koren jijiya. In da naitirojin ne ya yi ƙaranci tsofaffin ganye ne za su fara koɗewa baki ɗaya har da jijiyar. Wato NPK ɗin da na zuba babu ma abin da take nema a ciki, gishirinsa ne kawai ya ƙara ƙona 'yan saiwoyin da suka rage.

Na tambaye shi ko a gyara ramin a mayar da ita. Ya ce "a'a ɗana, wurin ne bai karɓe ta ba, ko ka canza ƙasar ai ba za ka canza rana ba."

Ga yadda muka yi. Muka zaɓi kusurwar da ke samun hasken hantsi zuwa wajen ƙarfe 11, daga nan inuwar gidan ta rufe ta, kuma iska ba ta bugawa kai tsaye. Kafin komai muka haƙa ɗan rami muka cika da ruwa muka bar shi ya tsotse, muka sake cikawa muka duba agogo, nan ma a hankali yake sauka duk da ya fi na farko, don haka Baba ya ce ba rami za a yi ba tudu za a yi. Muka sassauta ƙasar wurin a faɗi kamar mita ɗaya da rabi, muka tsince duk wani guntun siminti da muka gani, sannan muka tara ƙasa mai kyau haɗe da ruɓaɓɓen ganye tsayin kamar santimita 30. Ya wanke saiwoyin a bokiti, ya yanke duk ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta har sai ya ga fari, ya warware masu zagayen ya baza su kamar yatsun hannu, wadda ta ƙi warwaruwa ya datse ta. Ya ɗora ta a kan tudun yadda mafarin saiwa ke bayyane a sama, muka kafa sanda muka ɗaure sako-sako da tsumma. Muka shimfiɗa busasshen ganye da ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8 amma muka bar fili kewaye da gindin, kar ya taɓa ɓawon. Daga ƙarshe muka kafa ragar inuwa mai tare rabin haske a sama da kuma gefen da iska ke shigowa. Taki ko ƙwaya ɗaya ya hana.

Dokar ruwa ɗaya ya ba ni, in tura yatsa har gaɓa ta biyu, in na ji danshi in bar ta, in na ji bushewa in ba ta a hankali har ya ratsa. Ya kuma ce in ina da hali in tari ruwan sama don ita, saboda ruwan da ke barin farin dabbare a jikin bokiti shi ma yana ƙara wa ƙasa irin matsalar simintin sannu a hankali.

Wata huɗu ba ta yi komai ba. Gaskiya wannan lokacin ya fi min wahala a kan duk aikin, don ba ka ga ci gaba ba, ba ka kuma ga mutuwa ba, hannunka na ƙaiƙayin ka yi wani abu. Abin da kawai nake yi shi ne in ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in na ga kore a ciki in san da sauran rai. A tsakiyar wannan jiran ne na ba ta maganin ƙarfe, kuma a nan akwai abin lura don ba kowane ne ke aiki ba. Wanda aka fi samu mai EDTA, wato sunan sinadarin da aka haɗa ƙarfen da shi, yana daina amfani in pH ya haura wajen 6.5, wanda ke jure ƙasa irin tawa shi ne mai EDDHA, gari ne da ke mayar da ruwa ja wur kamar jini, a jiƙa a zuba a gindi bisa awon da aka rubuta a jikin kwalin. Na kuma barbaɗa farar wuta kaɗan a gefen tudun don ta ƙara wa ƙasar tsami, ita aikinta na watanni ne don sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta, kuma inda siminti ya yi yawa ba ta iya komai sai an fara kwashe shi.

Da damina ta kankama sai ga ƙulli uku. Suka fashe, wannan karon a ƙarƙashin raga, na ga abin da ban gani ba a karon farko, wato tafiyar launin daga farko har ƙarshe. Ranar farko fari mai ruwan hoda, sai ya koma kamar ruwan madara, sai kore mai haske ya fara shigowa, ganyen na ɗagowa kaɗan-kaɗan har ya miƙe ya yi duhu. Kyan na gaske bai kai mako guda ba. Wannan ya kamata duk mai son irin bishiyoyin nan ya sani tun kafin ya saya, hoton da yake gani na 'yan kwanaki ne, sauran lokaci bishiya ce kore kamar kowacce, don haka duk aikin yana komawa kan abu biyu, ta samu lafiyar da za ta riƙa yin toho akai-akai, tohon kuma ya samu kariya a kwanakin da yake ɗanye.

Kariyar ba daga rana kawai ba. A toho na gaba na ga tururuwa na hawa da sauka, da na ɗaga ganyen sai ga fararen ƙwarin nan masu kama da auduga sun taru a mahaɗar ganye suna tsotsa, tururuwar kuma zaƙin da suke fitarwa take sha tana gadinsu. Na goge waɗanda hannu zai kai da auduga, na wanke sauran da ruwa, sannan na fesa ruwan sabulu marar ƙarfi da ɗan man darbejiya da yamma bayan rana ta yi sanyi. Sai dai sai da na gwada a ganye biyu na kwana ɗaya tukuna, don tohon hankici fatarsa ba ta da kauri, maganin da tsohon ganye zai shanye shi zai iya ƙona shi. Tsutsa da fara kuwa da hannu nake tsincewa da sassafe.

Sauran biyun da aka kawo rana ɗaya da ita sun koya min cewa jan toho ba hali ɗaya ba ne. Syzygium ɗin tana cikin rana tsaka kuma ko a jikinta, hasali ma ranar ce ke sa tohonta ya yi ja zuwa ruwan goro, ɓangaren da inuwar katanga ta rufe kodayaushe ya fi koɗewa. Kuma ita ana iya kiran tohon da almakashi, in na yi mata aski sama-sama bayan 'yan makonni sai ta rufe da ja, shi ya sa a Maleshiya da Singafo ake yin shinge da ita a bakin titi. Hankici ba a yi mata haka, ƙullin nan na bakin reshe shi ne tohon gobe, in ka datse ka yar da shi. Ni a ganina wanda bai taɓa reno ba ya fara da Syzygium, tana yafe kuskure. Abin da za a sa wa ido a danginta shi ne wata cutar tsatsa mai sa garin rawaya a sabon ganye, wadda ta shiga Ostireliya a 2010 ta yi ɓarna sosai a bishiyoyin wannan dangi, don haka a duba tohon dashe da kyau kafin a kawo shi gida.

Mesua kuwa haƙuri take so. A shekara uku da ƙyar ta kai ƙirjina, haka halinta yake, itacenta ma don tsananin tauri ake kiransa itacen ƙarfe. Amma tohonta siriri ja mai sheƙi in ya sauko kan tsofaffin ganye masu duhu babu kamarsa a filin, ita ma na ba ta raga a shekarar farko kuma ta ji daɗinta.

Abu ɗaya da na daina kwata-kwata shi ne tura su da taki mai naitirojin da yawa don su yi toho. Tohon yana zuwa, amma a abin da na gani a Syzygium launin ya fi saurin komawa kore, ga laushi da ke jawo ƙwari. Yanzu ruɓaɓɓen ganye nake ƙarawa a saman tudun sau biyu a shekara, sai ɗan taki mai narkewa a hankali a farkon damina, nesa da gindi, daidai inda inuwar rassan ta tsaya. Idan na ga ƙulli ya fara kumbura ba na barin ƙasar ta bushe har sai ganyen ya yi tauri, lokacin busasshiyar iska kuma nakan jiƙa ƙasar kewaye da ragar kanta da safe don wurin ya riƙe laima.

Yanzu hankicin ta wuce mita biyu, tana toho sau uku zuwa huɗu a shekara, na ƙarshe na ƙirga dunƙule 11. Tabon ruɓewar nan na gindi yana nan amma ya bushe, sabon ɓawo na rufe shi daga gefe. Na cire ragar sama a damina da ta wuce na bar ta gefe, tohon can ƙololuwa da ke leƙa saman inuwar gidan yana ɗan ƙonewa a baki in ya faɗo a tsakiyar rani, na ƙasa kuwa lafiya lau. Rawayar tana ɗan dawowa a ƙarshen rani idan ruwan saman da na tara ya ƙare na koma na famfo, sai in ba ta ƙarfen sau ɗaya. Abin da ke gabana shi ne wuri, don a dajinsu manyan bishiyoyi ne kuma tsakaninta da bangon gidan bai fi mita uku ba, Baba ya ce in damina ta zo zai nuna min rassan da za a rage daga ciki ba tare da an taɓa masu ƙulli ba, zai kuma ɗaura wa reshe ɗaya danshi a cikin leda har ya yi saiwa mu samu ta biyu.